Ɗinkin kwat da takardar awo: a auna, a rubuta, a gwada, kana a yanka

Cikin watan Nuwamba, kafin sanyi shi sauka sosai, wata malamar ɗinki ta ziyarci cibiyar yaƙi da jahilci a garin Arlit. Mata da maza sun taru. Akwai waɗanda sunka zo daga Akokan. Malama ta zo da kwat biyu, da igiyar awo, da almakashi, da wata babbar takarda mai zane-zane. Ga jawabin da ta yi.

Assalamu alaikum. Iyaye mata, iyaye maza, ƴan uwa da ƙanne, barkanku da zuwa.

Kowa nan ya san sanyin ƙasar Azbin. Cikin Disamba da Janairu rana tana da daɗi, amma dare yana cizo. Mai gadi ya san shi. Mai tuƙa babur da asuba ya san shi. Yaro mai zuwa lakkwal da safe ya san shi. Don haka kowane gida yana bukatar rigar sanyi mai kama jiki, wato kwat.

Da yawa suna sayen gwanjo, wanda muke ce ma bosho. Ba laifi ba ne. Amma bosho an ɗinka shi don wani mutum na wata ƙasa. Wani lokaci hannu ya yi tsawo, wani lokaci ƙirji ya matse. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mai keken ɗinki a gida yana iya ɗinka kwat daidai jikin mai ita, in ya bi hanya.

Labarin wata mata ta Akokan

Ga kwat biyu nan. Mace ɗaya ta ɗinka su, da keke ɗaya, da takarda ɗaya. Ta farko ta ɓaci. Ta biyu ta yi kyau. Ku ji yadda anka yi.

Kun san tarihin garuruwan nan. Don uraniyom anka kafa Arlit a 1969. Kamfanin Somair ya fara fid da shi a 1971. Kamfanin Kominak ya fara nasa a 1978, a ramin Akuta, Akokan kuma ta girma kusa da shi. Ran 31 ga Maris 2021 anka rufe Kominak. Ma'aikata wajen 600 sunka bar aiki, ban da masu aikin kwangila. Mijin matar nan yana cikin masu kwangila. Bayan wata da watanni ya samu aikin gadi na dare, albashi kaɗan.

Matar tana da keken ƙafa tun na aurenta. Tana ɗinka zane da riguna na yara. Da sanyi ya matso, sai ta ce za ta ɗinka ma maigida kwat. Ta fid da kuɗin adashinta, ta sayi yadi mai kauri, mita 2. Wata maƙwabciya ta ara mata takardar awo ta cikin wata tsohuwar mujalla. Ta duba mijinta da ido, ta ce wannan layi zai yi mashi. Ta shimfiɗa, ta yanka, ta ɗinka cikin kwana uku.

Maigida ya saka. Maɓalli ya ƙi haɗuwa. Ya miƙa hannu gaba, bayan kwat ya yi ƙara. Bai ce komi ba, ya tuɓe, ya ɗauki tsohon bargonsa, ya tafi aiki. Matar ta kwana tana kuka, don yadi ya tafi, kuɗi sun tafi.

Laifin ba na keke ba ne. Ba na hannunta ba ne, ɗinkinta sumul yake. Kuskure uku ta yi. Ba ta auna ba. Ba ta bar wurin ɗinki ba. Ba ta gwada ba kafin ta taɓa yadi mai tsada.

Mene ne takardar awo?

Tufafinmu na gado suna da yalwa. Babbar riga, da taguwa, da rigunan Buzaye, da ƙyallaye masu kusurwa huɗu ake haɗa su. Riga guda uba ya saka, ɗa ya saka. Kwat ba haka take ba. Ita tana bin kafaɗa, tana bin baya, tana bin hannu. Gutsattsarinta a lanƙwashe suke. Shi ya sa ake bukatar takarda wadda anka zana siffar kowane gutsure a kanta.

Wani tela na ƙasar Amurka, Ebenezer Butterick, shi da matarsa Ellen, su sunka fara sayar da irin wannan takarda girma-girma a 1863. A ƙasar Jamus wata mata, Aenne Burda, ta fara buga mujallar ɗinki a 1950. Daga 1952 ta riƙa sa takardar awo cikin mujallar. Irin ta Burda ce matar Akokan ta ara.

Da Faransanci ana ce ma takardar nan patron. Ma'aikatan Arlit sun san kalmar, don haka suke kiran ubangida a wurin aiki. To, ku lura. A ɗinki, takarda ba ita ce ubangida ba. Jikin mai riga shi ne ubangida. Wanda ya zana takarda bai taɓa ganin mijinki ba, bai taɓa ganin ɗanka ba. In takarda da jiki sunka saɓa, takarda ake gyarawa.

Aiki na farko: awo

A ɗauki igiyar awo, wadda teloli ke ce ma tef. Da yawanta fuska biyu gare su. Fuska guda santimita ce, fuska guda inci. Inci 1 santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Telolin Najeriya sun fi aiki da inci. Takardun Faransa da Jamus da santimita suke. Kada a fara da fuska guda a ƙare da wata.

Mai riga shi tsaya sak, sanye da rigar da zai riƙa sawa ƙarƙashin kwat. Kada shi kumbura ƙirji, kada shi haɗiye ciki. A auna wuri shida:

1. Ƙirji, a zagaye ƙarƙashin hammata, inda ya fi faɗi.
2. Ciki, daidai cibiya.
3. Ƙugu, inda ya fi faɗi.
4. Faɗin baya, daga ƙashin kafaɗa zuwa ƙashin kafaɗa.
5. Tsawon hannu, daga ƙashin kafaɗa zuwa wuyan hannu, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe.
6. Tsawon riga, daga ƙashin bayan wuya zuwa inda ake so ta tsaya.

Igiya ta kwanta a jiki, yatsa guda yana iya shiga ƙarƙashinta. Kowane awo a rubuta shi nan take cikin littafi, da sunan mai riga da ranar awo. Kai yana mantuwa, takarda ba ta yi. Nan ne lissafin da kunka koya a cibiya zai biya ku.

Aiki na biyu: zaɓen lamba

Kowace takarda tana zuwa da jerin lambobi. Ga kwat ta maza, a Faransa da Jamus, lamba rabin awon ƙirji ce. Mai ƙirji 96 lambarsa 48. Mai ƙirji 100 lambarsa 50. Mai ƙirji 104 lambarsa 52.

Ga mata ba haka ba ne. A takardar Burda, mai ƙirji 92 lambarta 40, mai ƙirji 96 lambarta 42. An zana ta don mace mai tsawon santimita 168. Kuma abin da Jamus ke kira 40, Faransa tana kiransa 42. Don haka kada a dubi lambar da ke wuyan tsohuwar riga. A dubi jerin awo na takardar da ke hannu.

Da awon ƙirji ake zaɓe. Dalili shi ne kafaɗa da ƙirji sun fi wuyar gyara. Tsawo da ciki gyaransu da sauƙi.

Wani abu kuma. In kunka auna takardar kanta, za ku tarar ta fi jiki faɗi, sau da yawa da santimita 10 ko fiye. Ba kuskure ba ne. Sarari ne na numfashi da motsi da rigar ciki. Kada a rage shi.

Mijin matar Akokan ƙirjinsa 104 ne. Lambarsa 52. Ita ta bi layin 50. Tun nan santimita 4 sunka ɓace.

Aiki na uku: kwafe takarda da karanta alamu

Kada a yanka takardar asali. A kwafe layin lambar da anka zaɓa bisa wata takarda. Takardar buhun siminti tana yi, in anka kakkaɓe ta sarai anka goge ta ta miƙe. Ta haka takarda guda za ta yi ma cibiya duka aiki shekara da shekaru. A rubuta suna bisa kowane gutsure: gaba, baya, hannu, wuya, aljihu.

Alamu uku ake kula da su. Doguwar kibiya tana nuna tsawon yadi. Dole ta bi gefen yadi, wato bakin saƙa, ba karkata. In ta karkata, kwat za ta murɗe bayan wanki. Ƙananan tsage na gefe suna nuna inda gutsure biyu za su haɗu. Layin da ya ratsa tsakiyar gutsure, nan ake ƙara tsawo ko a rage.

Aiki na huɗu: wurin ɗinki

Wannan shi ya fi cutar matar Akokan. Allura ba ta bin bakin ƙyalle. Tana shiga ciki kaɗan. Abin da ya rage bayan allura shi ne wurin ɗinki.

Takardu iri biyu ne. Na Amurka masu zuwa cikin ambulan, yawancinsu sun riga sun haɗa da wurin ɗinki, santimita 1 da rabi. Na cikin mujallar Burda ba su haɗa da shi ba. Mai ɗinki shi zai ƙara da alli: santimita 1 da rabi a kowane gefe, santimita 4 a ƙasan riga da bakin hannu, don kalmasa. Kafin a ɗauki almakashi a karanta, ko a tambayi wanda ya iya Faransanci. Tambaya rabin ilimi ce.

Mu yi lissafi tare. Kwat tata ɗinki uku gare ta a tsaye: gefen dama, gefen hagu, tsakiyar baya. Kowane ɗinki ƙyalle biyu yake haɗawa. Kowane ƙyalle allura ta ci santimita 1 da rabi. Ɗinki guda ya ci 3 ke nan. Ɗinki uku sun ci 9. A haɗa da 4 na ɗazu, sun zama 13. Sararin da mai takarda ya bari duka ya tafi. Ga dalilin da maɓalli ya ƙi haɗuwa.

Aiki na biyar: rigar gwaji

Ba a fara wa da yadi mai tsada. A samu akoko, ko tsohon zanen gado, ko tsofaffin zannuwa. A yanka gaba da baya da hannu. Ba a sa aljihu, ba a sa shafi. A haɗa da ɗinkin hannu mai faɗin taki, irin wanda ake zarewa da sauƙi.

Gargaɗi ga mutanen garuruwan nan. Kada a yi gwaji ko shafi da ƙyalle ko tamfol ko tsohuwar rigar aiki da ta fito daga rami ko daga masana'antar uraniyom. Ƙurar wurin tana maƙalewa a kaya, ido kuma ba ya ganin cutarta. A 2003 wata ƙungiyar awo ta Faransa, CRIIRAD, ta auna tsofaffin ƙarafa a kasuwar Arlit, ta tarar wasu suna da wannan guba. Abin da za a sa a jiki dare duka, a san inda ya fito.

Mai riga shi saka rigar gwaji bisa rigarsa ta ciki. A haɗa gaba da fil, tsakiya bisa tsakiya. Sai a duba:

Ɗinkin kafaɗa shi ƙare daidai ƙashin kafaɗa. In ya zarce, a rage faɗin kafaɗa.

In ƙyalle ya ja layi a kwance, kamar ana jan sa daga gefe biyu, wurin ya matse. A saki.

In ƙyalle ya yi ninki a tsaye, wurin ya yi yawa. A kama da fil, a auna abin da anka kama.

Kada mai riga shi tsaya kamar ice. Shi miƙa hannu gaba kamar mai riƙe kan babur. Shi duƙa kamar mai ruku'u. Shi zauna. Shi ɗaga hannu sama. Kwat ta aiki ce, ba ta ɗaukar hoto ba.

Duk gyaran da anka yi a mai da shi bisa takarda. In tsawo ake so, a yanka takarda bisa layin nan na tsakiya, a liƙa wata tsakani. Abin da anka ƙara ma gaba, shi za a ƙara ma baya. In ragi ne, a ninke. In ciki ake so a ƙara, a raba abin da ake so gida huɗu, don gefe biyu ne, kowane gefe baki biyu gare shi. Mai son ƙarin santimita 4, santimita 1 zai ƙara a kowane baki. In ƙarin ya kai hammata, dole a ƙara ma hannu shi ma, in ba haka ba hannu ba zai shiga raminsa ba.

Aiki na shida: yanka da ɗinki

Yadin auduga yana shiga in ya sha ruwa. A wanke shi, a shanya, a goge, kana a yanka. In ulu ne, a ɗora mashi jiƙaƙƙen ƙyalle a goge.

A tambayi faɗin yadi wurin saye. Mai faɗin santimita 150, mita 2 kan ishi kwat ta babban mutum. Atamfa ba ta kai wannan faɗi ba, don haka ta fi ci. A tuna kuma yadi 1 na ƴan kasuwa santimita 91 ne, mita 1 kuwa 100. Dabara mai kyau ita ce a shimfiɗa takardu a tabarma, a auna wurin da sunka ci, kana a tafi kasuwa.

A ninka yadi biyu, fuska na ciki. Ta haka za a samu dama da hagu. Wanda ya yanka ɗaya ɗaya ba da lura ba, sai ya tashi da hannun dama biyu. A shimfiɗa gutsattsari duka, a ga sun shiga, sannan a fara yanka.

Ga jerin ɗinki: aljihu tukuna, tun gaba yana shimfiɗe. Sai tsakiyar baya, sai kafaɗu, sai gefuna. Sai wuya da bakin gaba, a sa masu ƙyalle mai tauri a ciki don su tsaya. Sai hannuwa. Sai shafi. Sai kalmasa. Ƙofar maɓalli da maɓalli su ne na ƙarshe. Kowane ɗinki anka gama, a buɗe shi a goge kafin a wuce. Rabin kyan kwat daga dutsen guga yake.

Hannu shi ne mai wuya. Kansa ya fi raminsa tsawo da santimita 2 ko 3. Da gangan anka yi haka, don kafaɗa ta yi tudu. Kada a datse. A bi kan hannu da zare mai faɗin taki, a ja kaɗan kaɗan har shi shiga, ba tare da ya tattare ba. A kama da hannu, a gwada, kana a hau keke.

Yadi mai kauri yana son allura lamba 90 ko 100. Kwat ta maza ƙofar maɓalli tana hagu, maɓalli yana dama. Ta mata kuwa akasin haka. A fara gwada ƙofar maɓalli bisa guntun ƙyalle. Kuma ƙurar Arlit tana kashe keke. A goge shi, a sa mashi mai, a rufe shi in an tashi.

Yadda labarin ya ƙare

Matar Akokan ba ta jefar da kwat ta farko ba. Ta kawo ta wurin koyon ɗinki. Anka auna, anka gane inda 13 sunka tafi. Ta warware ta, ta rage tsawo, ta mai da ita ta ɗanta mai shekara 14. Ga ta nan, an aro ta daga wurin yaron.

Ta jira wata biyu kafin ta sake tara kuɗin yadi. Cikin jiran ta yi rigar gwaji da tsohon zanen gado. Nan ta ga hannun maigida ya fi na takarda tsawo da santimita 3, kafaɗarsa ta dama kuma ta ɗan fi ta hagu sauka. Ta gyara takarda. Kwat ta biyu kwana takwas ta ɗauke ta. Ranar da ya saka, ya miƙa hannu, ya duƙa, ya zauna. Ya ce mata, uwar gida, sannu da aiki. Ya bar bargo gida. Abokan gadinsa biyu sun kawo nasu yadi. Littafin awonta yanzu ya kusa cika.

Ɗinki ba ƙaramar sana'a ba ce. A 1998 Alphadi, mai ɗinki ɗan ƙasar nan, ya tara masu ɗinki na duniya a Tigidit, kusa da Agadas, don bikin tufafin Afirka da ake kira FIMA. Su ma da igiyar awo da alli suke farawa.

Tambayoyin jama'a

Da malama ta gama, wata tsohuwa ta ce: Ɗiyata, mu da ba mu da takardar Nasara fa? Malama ta ce: Inna, a sayi kwat ta bosho mai araha wadda kafaɗarta ta yi ma mai riga daidai. A warware rabinta a hankali, a goge gutsattsarin, a zana su bisa takarda. Rabin da ba a warware ba shi zai nuna yadda ake haɗawa. Wurin ɗinki yana jikinsu, amma a duba ko ya kai santimita 1 da rabi.

Wani saurayi ya ce: Malama, in na ɗinka ma ƙanena, bana ta yi, baɗi ta matse. Malama ta ce: Ka bar santimita 6 a ƙasan riga da bakin hannu, ka bar 2 da rabi a gefuna. Baɗi sai ka saki.

Wani dattijo ya ce: Wannan aiki yana da tsawo. Malama ta ce: Gaskiya ne, Baba. Awo da gwaji kwana biyu suke ci. Tara kuɗin sabon yadi wata biyu ya ci ma matar Akokan.

Daga nan anka raba igiyar awo. Mata sunka koma gefe guda, maza gefe guda, kowa ya auna ɗan uwansa, ya rubuta lambobi shida cikin littafinsa. Malama ta bar takardar awo a hannun mai koyarwa na cibiya, don duk mai so shi kwafa. Anka yi addu'a, anka watse.

Allah shi kai mu bayan sanyi lafiya. Amin.